Kunyar Suruki a Fotugal

Tun da na dawo ban huta ba. In na shiga kasuwar Abu Hamour sayen albasa, sai wani ya riƙe min hannu ya ce, Kawu, yaya Turai? In na koma ɗaki a Fereej Abdel Aziz, Malam Habu da gadonsa ke saman nawa ya leƙo da kai ya ce in sake ba shi labarin ɗakin ƙasusuwa. Na faɗa har bakina ya gaji, kuma duk wanda na ba guntu sai ya je ya ƙara masa gishiri. Ranar Juma'a a bakin masallaci na ji ana cewa wai na ci naman alade ban sani ba. To ban ci ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi daga farko, wanda ya tambaya in tura masa ta waya.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, neman aure na je. Ni direba ne, motar ma'aikatan wani asibiti nake ja a nan Doha shekara da shekaru. Nasiru ɗan garinmu ne, Funtuwa, yana aiki a sashen gashin ƙashi. Ines kuwa nas ce, 'yar Fotugal. A motata abin ya fara, kuma na riga su sani, domin ta madubi nake ganin yadda take ɗora jakarta a kujerar gefenta, ba ta ɗauke ta sai mun tsaya a Al Mirqab Nasiru ya shigo. Da magana ta yi nisa, uwar Nasiru ta yi ta ja kafin ta sakko, amma ta sakko. Ines ita ma ta kafa nata sharaɗin: ba za ta yi aure ba sai mahaifinta ya yarda da bakinsa. In ya ƙi, za ta ajiye aiki ta koma gida, kowa ya kama gabansa. Ta faɗa ba da wasa ba, kuma Nasiru ya san ba ta sauya magana.

Mahaifin Nasiru ya rasu tun yana ƙarami. Baffansa da ke Funtuwa ko masallaci ƙafa ta hana shi zuwa, balle Turai. Shi ya kira ni a waya ya ce yaro ba ya nema wa kansa aure, ya wakilta ni, in je in tsaya a matsayin uba. Na ce to, alhali ban da Doha ban taɓa zuwa ko'ina ba sai Jidda.

Wahalar biza ba zan tsaya kanta ba, duk wanda ke riƙe da koren fasfo ya san ta. Kafil, wato uban gidana na wurin aiki, ya ba ni takardar hutu yana tambayata ko zan dawo. Na sa aka taho min da goro fari da ja daga Kano, na sayi dabino mai kyau da turare. A cikin jirgi na yi wa Nasiru huɗuba. Na ce kada ya ba ni kunya a gidan mutane: kada ya kalli tsohon nan ido cikin ido, kada ya kama sunansa, kada ya kuskura ya kai loma baki a gabansa. Ya ce, Kawu, ai ba sai an faɗa min ba.

A filin jirgin Lisbon goron ya tsaya. Wata ma'aikaciyar kwastan ta kwance ganyen, ta ɗauki ƙwaya ɗaya tana jujjuya ta, ta tambaye ni ko magani ne. Na ce aure ne. Nasiru ya yi mata bayani da Turancinsa mai kyau, ta saurara har da murmushi, sannan ta ce doka ta hana shigo da ɗanyen kayan gona ba takarda. Ina ji ina gani aka tafi da shi. Abin da ya tsira shi ne 'yan ƙwayoyin da ke aljihun gaban rigata, waɗanda na ajiye don taunawa a hanya. Tun daga nan na kame bakina daga tauna su.

Ines ta riga mu isa gida. Da muka kira ta, ta ce mahaifinta yana daji, lokacin ɓare bishiyoyi ne, ba zai sami sararin zama da baƙi ba sai Asabar. Ta ce kada mu ɓata kwanakinmu a Lisbon, wanda ya ga Lisbon kaɗai bai ga ƙasarsu ba. Muka shiga jirgin ƙasa muka yi arewa.

Porto gari ne da aka gina don a hukunta direbobi. Ko'ina hawa, ko'ina gangara, ni kuwa ƙafata ta saba da birki da totur kawai. Gidajensu an manna musu tayil a waje, shuɗi da fari, irin wanda mu a gida sai banɗakin mai kuɗi. Mata suna shanya a taga, kayan ciki da komai, ba ruwansu da mai wucewa. Masaukinmu gidan wata tsohuwa ne mai matakala kamar ta hasumiya. Babu buta a banɗaki, amma na tarar da wani ɗan kwami a ƙasa mai famfo, daidai tsayin ƙafa. Na ce kai, mutanen nan ashe sun san alwala. Na kwana biyu ina wanke ƙafata a ciki cikin jin daɗi kafin Nasiru ya gani, ya fita waje ya gama dariyarsa, ya dawo ya gaya min abin da ake wankewa a ciki.

Abinci kuwa kifi muka riƙe. A bakin kogi suna gasa ƙananan kifaye a kan gawayi, a yayyafa gishiri, a ɗora maka a kan burodi. Hayaƙin ya tuna min da masu tsire na bakin tashar Funtuwa da yamma, har na tsaya ina shaƙa kamar wani sakarai. Gahawarsu kofin bai fi murfin kwalba ba, ka kurɓa sau ɗaya ka nemi sauran ka rasa. A nan muka haɗu da wani Bafulatani ɗan Gini Bisau mai suna Mamadu, yana sayar da tabarau. Hularmu ya gani ya yi mana sallama. Ya rufe kayansa ya raka mu har inda suke salla, wani ɗaki a bayan shago. Da ya ji abin da ya kawo mu da yankin da za mu, ya kalli Nasiru ya girgiza kai ya ce tsofaffin kudu ba su da yawan magana, kuma in sun ce a'a sun gama. Nasiru bai ci abincin kirki ba ran nan.

Mun bi jirgin ƙasa ta bakin kogin Douro, inda suka yanka duwatsu hawa-hawa suka shuka inabi. Ni ɗan manomi ne, na san abin da ake nufi da kai taki kan tudu, saboda haka ban ga kyau kaɗai ba, na ga ciwon baya. Daga nan muka juyo kudu muka yada zango a Coimbra. A wata 'yar siririyar hanya na ga samari sanye da baƙaƙen alkyabbu, na ɗauka alƙalai ne, na raɓe jikin bango na gaishe su da girmamawa. Ashe 'yan makaranta ne. Da la'asar wasu maza suka zauna a bakin wani dandali suna kaɗa wata irin molo mai faɗin ciki, ɗaya yana waƙa idonsa a rufe. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san waƙar wanda ya bar gida ce. Wani makaho mai kukuma da ke zama a ƙofar gidanmu ina yaro ya faɗo min a rai, mutumin da na shekara talatin ban tuna da shi ba.

Da muka shiga yankin Alentejo sai zafin da muka baro a Doha ya tare mu a hanya. Fili ne shimfiɗe, ciyawa ta bushe ta yi ruwan ƙasa, bishiyoyi jefi-jefi. In ka ɗauke fararen gidajen, ka rantse hanyar Gusau ce bayan girbi. Bishiyoyin an ɓare musu ɓawo daga gindi zuwa ƙirji, jikin ya yi ja, kamar an tuɓe wa mutum wando. Da wannan ɓawon ake yin toshiyar kwalba, kuma shi ne sana'ar mahaifin Ines. Abin da ya gama da ni shi ne shamuwa. A kan kowane turken lantarki akwai sheƙarta. Tasu fara ce, ta fi tamu girma, amma tsayuwar ɗaya ce. Rabona da ganin shamuwa tun kafin in zo Doha, inda tsuntsun da na sani shi ne tattabarar kasuwa. Na jingina kai da gilashin bas, kewar gida ta kama ni sosai, irin wadda na ɗauka na girme ta.

A Evora ne ɗakin da Malam Habu ke so. Ɗakin ibada ne da aka jera ƙasusuwan mutane a bangonsa, ƙoƙon kai a kan ƙoƙon kai. Turawa suna ta ɗaukar hoto. Ni na yi salati na fito, na zauna a inuwa ina jiran Nasiru. Abin da zan iya faɗa ke nan, Malam Habu, sauran ƙari naka ne.

Mertola ita ce garin da ya fi kusa da ƙauyen su Ines, kuma in za ka je ƙasar nan ka ga wuri ɗaya, ita zan ce ka gani. Fararen gidaje ne a kan dutse, kogi yana kewaye da su. Cocin garin a da masallaci ne, tun zamanin da Musulmi ke ƙasar, kuma ba su rushe shi ba. Mai gadin wurin ta ja ni ta nuna min mihrabin, yana nan a bango yana kallon alƙibla. Na tsaya a gabansa ban san me zan yi da hannuwana ba. A garin muka kama ɗaki.

Ranar Asabar Ines ta zo da mota ta ɗauke mu. Ƙauyen nasu layi ɗaya ne, kuma duk wanda na gani a bakin ƙofa ya yi furfura. Mahaifinta, Jowakim, gajere ne kakkaura, tafin hannunsa baƙi ƙirin saboda ruwan ɓawo. Yana tsaye a ƙofa ya sa farar riga mai guga. Muka gaisa, ya matse min hannu har na ji a kafaɗa. Sannan ya miƙa wa Nasiru.

Nasiru ya riga ya tuɓe takalmi tun daga bakin titi. Ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya gaishe shi da ƙasa-ƙasan murya. Hannun tsoho ya tsaya a iska. Ya duba ƙasa ko yaron ya yar da wani abu ne, ya dubi 'yarsa, sannan ya mayar da hannun aljihu. Uwar, Dona Ameliya, ta taho da hannu buɗe za ta sumbaci kumatunsa yadda suke yi, Nasiru ya ja da baya har ya taka tukunyar fure. Ni kuwa ina gefe ina jin daɗi, ina cewa a raina yaron nan ya sami tarbiyya. Ines ta yi tsaye tana kallonsa. Ita Nasirun Doha ta sani, mai surutu, mai tsokanar likitoci. Wannan ba ta taɓa ganinsa ba.

Sun gyara mana ɗaki a gidan, da zanen gado sabo. Na yi godiya na ce ba zai yiwu ba, mai neman aure ba ya kwana gidan surukai. Aka kira mu cin abinci. Dona Ameliya ta nuna min tukwanen da ta yi girkin, sababbi ful, ta je har birni ta sayo su don kada ta dafa mana a inda alade ya taɓa shiga. Na zauna na ci, domin ni tsaran uba ne. Nasiru ya ce ya ƙoshi, ya fita ya zauna a gindin wani ɓaure a bayan gida. Aka aika masa sau biyu, bai shigo ba. Na ga Dona Ameliya ta ɗauke farantinsa ta mayar cikin kabad a hankali.

Bayan an kwashe kwanuka na fito da dabino da turare da 'yan goron da suka tsira, na jera a gaban tsoho. Na yi jawabi irin wanda ake yi, Ines tana fassarawa: cewa mun ga 'ya a gidan mutunci, muna nema wa ɗanmu, ga asalinsa, ga sana'arsa. Jowakim ya saurara har ƙarshe. Ya tambaya ko yaron bebe ne. Na yi dariya, na ɗauka raha ce. Ya ce zai yi tunani, ya ɗauki hularsa ya fita.

Washegari da sassafe Ines ta zo masaukinmu, idanunta sun kumbura. Ta ce mahaifinta ya ce a'a. Ya ce namijin da ba zai iya kallon fuskarsa ba akwai abin da yake ɓoyewa, ƙila mata ce da shi a gida. Ya ce wanda ya raina girkin matarsa, wata rana 'yarsa zai raina. Ta ce ta yi bayani har ta gaji, ya ce soyayya ce ke magana ba ita ba. Nasiru ya zauna a bakin gado ya dafe kai. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a zaune kamar yadda ya yi ba.

Na ce wa Ines ta kai ni wurin mahaifinta. Muka same shi a bayan gida yana wasa gatarinsa. Nasiru ya tsaya can a gindin ɓauren. Na ce wa Ines ta fassara kalma da kalma, kada ta gyara min. Na gaya masa cewa a wurinmu babu mutumin da ake jin nauyinsa kamar wanda ya haifi matarka. Ba a kallon idonsa, ba a kama sunansa, ba a tauna a gabansa. Na ce surukina ya rasu bai taɓa ganin bakina yana motsi da abinci ba, kuma har ya koma ga Allah yana sa min albarka. Na ce abin da ya gani jiya shi ne mafi girman abin da yaron nan ya mallaka, kuma shi ya kawo masa.

Ya daɗe yana shafa bakin gatarin da babban yatsa. Sannan ya ajiye, ya ce in biyo shi. Ya kai ni ɗakin cin abinci ya ɗora hannu a kan teburin. Jiya na ci abinci a kansa amma ban lura da tsawonsa ba. Ya ce shi ya sassaƙa shi da hannunsa shekarar da ya yi aure. Ya bi kujerun ɗaya bayan ɗaya yana taɓawa: wannan ta ɗansa ce, yana Suwizalan, wannan ta babbar 'yarsa, tana Faransa, jikokinsa ba sa jin yarensa, wannan ta Ines.

"Na ji maganarka, kuma na yarda ba raini ba ne," in ji shi. "Amma ni ba girma nake nema ba. Kujerun da babu kowa sun ishe ni a gidan nan. In zai ɗauki 'yata kuma ya tsaya a waje, to biyu na rasa."

Zauren mahaifina ya faɗo min, da tiren da muke kewayewa mu da yawa, gwiwa tana gugar gwiwa. Yanzu yayana ne kaɗai ke cin abinci a zauren nan, sauranmu muna Legas da Jidda da Doha. Tsohon nan ba yarenmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba, amma na san ciwon da yake faɗa, domin ina cikin masu jawo shi.

Na fita na sami Nasiru. Na ce ya sa takalminsa, ya shiga ya zauna ya ci abinci, ya kalli mutumin nan a ido.

"Kawu, wallahi ba zan iya ba," ya ce. "Ko na sa a baki ba zai wuce ba."

"Baffanka ni ya wakilta. Yau ni ne ubanka, kuma na ce ka ci. In akwai abin kunya a ciki, a kaina yake."

Abincin ranar Lahadin wani romo ne na tafarnuwa da ganye da man zaitun, an jiƙa busasshen burodi a ciki an ɗora ƙwai, ɗan'uwan saridin da mutanen Qatar ke shan ruwa da shi. Jowakim ya ja kujerar ɗansa, wadda ke damansa, ya tsaya yana riƙe da ita. Nasiru ya taho kamar mai zuwa gaban alƙali, ya zauna a ɗan bakinta. Tsoho ya karɓi ludayi daga hannun matarsa ya zuba masa da kansa.

Babu wanda ya taɓa nasa. Nasiru ya ɗauki cokali. Ya kai na farko baki kansa a ƙasa. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Tsoho yana jira, hannuwansa biyu a kan tebur. Nasiru ya haɗiye, ya ajiye cokalin, ya ɗago kai a hankali ya dube shi. Da ɗan yarensu da ya koya a ɓoye, ya ce abincin ya yi daɗi, ya gode, kuma yana son Ines, yana roƙon a ba shi ita.

Jowakim ya jawo tukunyar. Ya ɗauki ludayi ya ƙara masa har farantin ya cika, ya yanko burodi ya ajiye a gefensa. Sannan ya juyo gare ni ya yi magana gajera. Ines ta buɗe baki za ta fassara, ta kasa, ta rufe fuska da mayafin tebur. Muka jira ta.

"Kawu, ya ce ka gaya wa baffan Nasiru ya amince, ya ba shi ni," ta ce. "Ya ce kujerar nan ta zama tasa, kada ya bari ta yi ƙura."

Nasiru ya ci ya ƙara, Dona Ameliya tana tsaye a kansa tana zuba masa har tukunyar ta ga ƙasa. Ni da na tsufa ban taɓa ganin ɗan mutunci yana tauna a gaban surukinsa ba, na zauna ina kallo, kuma ban ji kunya ko kaɗan ba. Nawa farantin ne aka ɗauke da sauran abinci a ciki.